Ragna a Layin Ƙasa

Duk wanda ya tashi a Tallvik, ɗan garin nan na bakin tafki a ƙasar Suwidin, ya san Ragna ta fuska biyu. Ita ce ungozomar garin har ta ajiye aiki, don haka rabin masu yawo a titi ta hannunta suka faɗo duniya. Ita ce kuma mai siririyar muryar da ke tashi ta bar sauran mawaƙan coci a baya, ko ranar ɗaurin aure, ko jana'iza, ko Kirsimeti. Tun tana budurwa take tsayawa a layin sama, na mata masu siririyar murya, hagu kusa da taga. Ko ba ta zo ba, ba mai taka wurin. Matan layin ƙasa masu kaurin murya suna dama, maza suna baya.

A shekarar da cocin garin zai cika shekara ɗari takwas, Bertil shugaban mawaƙa ya ce tsofaffin waƙoƙi ba za su wadatar ba. Ya nemi wata matashiya a birnin Uppsala mai suna Tuva, wadda sana'arta ke nan, ta ɗauko tsofaffin baitoci na harshen Latin da aka rubuta tun zamanin da aka aza tubalin cocin, ta ɗora musu sabon kari.

Wata Asabar da safe, sanyi na tsaga leɓe, Bertil ya raba musu takardun. Aka gwada shafin farko babu fiyano, kamar yadda Tuva ta aiko a yi. Abin ya fito kamar an taka wutsiyar kyanwa.

"Bertil, tsakaninka da Allah, wannan waƙa ce ko birki ne ya cinye?" in ji Gudrun. Gudrun ita ce uwar layin ƙasa, tsohuwar direbar motar 'yan makaranta, bakinta ba ya da linzami.

Osvald mai katako ya ɗaga takardarsa daga layin maza. "Ni nan an ce in yi ta raɗa har shafi biyu. Matata ta tsufa tana roƙona in rage murya, sai ga wata daga Uppsala ta yi nasara ba ta ko gan ni ba."

Aka yi dariya. Ragna ba ta tsaya kan wannan ba. Ta wuce kai tsaye shafukan ƙarshe, kamar yadda ta saba, ta nemi inda murya ɗaya take keɓewa ta hau sama. Ta same shi. Dogo ne, kuma can ƙololuwa.

Sai da aka yi makonni kafin a kai wurin. Ranar da aka kai, Bertil ya ɗaga hannu ya nuna Ragna, ta ja numfashi ta hau. Ta kai rabi lafiya. Daga nan muryar ta tsage kamar tsohon zane, ta bar iska kawai tana fita. Malin, yarinyar da ke aiki a kantin magani, tana tsaye kusa da ita. Ba da niyya ba, bakinta ya ɗauki sautin daga inda ya faɗi ya kai shi har ƙarshe, garau. Da ta ga abin da ta yi, ta rufe baki da hannu, kunnuwanta suka yi ja.

Bertil ya ce a sha gahawa.

Bayan an watse ya tare Ragna a bakin ƙofa, yana ta murza hularsa.

"Ragna, ina tunani ne... wato layin ƙasa ba su da yawa, kin gani. Kuma muryarki yanzu ta yi wani irin nauyi mai daɗi..."

"Bertil, na sha faɗa wa mutane labarin da ba sa so su ji. Ban taɓa zagaye-zagaye haka ba. Ka sauke ni ne?"

Ya dubi takalminsa. "Malin za ta ɗauki na saman."

"To, Allah ya ba ta sa'a."

Ta ajiye masa takardun a kan benci ta tafi. Asabar ta zagayo ba ta je ba, wata ma ta zo ta wuce. Gudrun ta buga waya, Ragna ta bar ta tana ƙara har ta gaji. Idan ta hango Malin ta gilashin kantin magani sai ta tsallaka titi.

Amma akwai alkawarin da ta ɗauka tun kafin wannan duka. Da aka ce Tuva za ta zo ta ji yadda ake ciki, Ragna ce ta ce a kawo mata ita, tunda tana da ɗakin baƙi kuma tun rasuwar mijinta gidan ya yi mata faɗi. Fushi daban, baƙo daban. Ranar Juma'a da yamma ta je tashar jirgin ƙasa ta tsaya, fuska a murtuke, tana jiran ta ga wace ce wannan da ta rubuta abin da ya kunyata ta.

Wadda ta sauko 'yar mitsitsiya ce, da ƙaton ciki a gaba, ga jaka a kafaɗa, ga wani ɗan takalmi marar kauri cikin dusar ƙanƙara. Ragna ta dube ta daga sama har ƙasa, duk jawabin da ta shirya ya gudu.

"Ke 'yar nan, wa ya bar ki kika fito da wannan takalmin? Kawo jakar. Wata nawa?"

"Bakwai da 'yan kwanaki, Iya."

"Ƙafafun nan sun ce mini kin yini a zaune. Wuce mu je."

A gida ta zaunar da ita, ta tura mata matashi ƙarƙashin ƙafa, ta kawo dankali mai zafi da kifi mai gishiri da man shanu. Tuva ta kalli kifin ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Mene ne abin dariya a kifina?"

"Ba naki ba, Iya. Nasa. Mai waƙar. Da ya ga wannan farantin da ya yi kuka."

Ragna ta tsaya da cokali a hannu. Bertil ya raba musu fassarar baitocin a wata takarda, amma wa ke karanta irin wannan? Ita a wurinta Latin abu ne da ake buɗe baki a rera da ladabi, kamar yadda ake cire hula a shiga coci.

Tuva ta ba ta labari tana ci. Wani sufi ne a gidan zuhudu, ba wanda ya san sunansa. Yana zaune a ɗaki mai sanyi a ƙarshen hunturu, yatsunsa sun faffashe, tawada ta daskare a kwalba. Ga azumi, kullum kifi mai gishiri, safe kifi, yamma kifi, har ya rantse yana jin kansa yana warin teku. Baiti guda cur ya ɓata yana zagin kifin nan. Yana cikin addu'a sai ya ji ƙanƙarar kogi ta tsage, ƙara kamar an fasa dutse. Bai gama farfaɗowa ba sai ga kukan gauraki suna dawowa daga kudu. Ya bar addu'ar a tsakiya ya fita da gudu ba takalmi, tsofai-tsofai da shi, ya tsaya a fili yana kallon sama. A baiti na ƙarshe yake neman gafarar Ubangiji, amma sai ya ƙara da cewa, ai Kai Ka aiko su.

Ragna ta ajiye cokalin. "Haka ya ce wa Allah?"

"Haka ya ce."

"Lallai wannan da a layin Gudrun zai tsaya." Ta girgiza kai. "Na tsufa ina rera Latin, ban taɓa kawo wa raina cewa mutum ne mai ciki da hanji ya rubuta ba."

"Shi ya sa na ɗauke shi," in ji Tuva. "Na karanta sai na ji kamar mutum ya yi magana a ɗaki, shekaru ɗaruruwa ba wanda ya amsa. Ban so in sa masa karin zamaninsa ba. Ban san zamaninsa ba. Sanyi na sani, da jiran ya wuce."

Ragna ta kwashe farantai ta juya mata baya wajen famfo. "Bertil ya faɗa miki na bar su?"

"Ya faɗa."

"Wurin nan na ƙarshe ya yi sama da yawa."

"Na sani, Iya. Ya roƙe ni in sauko da shi saboda ke. Na ce a'a. Idan na sauko da shi ba gauraki ba ne kuma, agwagi ne."

Ragna ta juyo ta harare ta. Yarinyar ba ta sunkuyar da kai ba, ba ta kuma yi murmushin neman shiri ba. Ragna ta ji haushi, ta kuma ji wani abu mai kama da girmamawa, duka a lokaci guda.

"Ɗaga ƙafar nan sama," kawai ta ce.

Da safe ta kai ta coci a mota, da niyyar ta sauke ta a ƙofa ta juya. Amma matakalar ta yi santsi da ƙanƙara, kuma ba ungozomar da za ta bar mai ciki ta hau wannan ita kaɗai. Ta riƙe mata hannu har ciki. Da ta shiga kuma fita nan take sai ya zama kamar gudu. Ta zauna a bencin ƙarshe, ko rigar sanyinta ba ta cire ba.

Rabonta da zama nan ta ji mawaƙa daga nesa tun tana yarinya. Bertil ya ɗaga hannu.

Maza suka fara da raɗa, kamar iska tana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. A kan wannan matan layin ƙasa suka shimfiɗa sauti ɗaya, miƙaƙƙe, ba hawa ba sauka. Can sai rabinsu suka gusa sama kaɗan, ɗan kaɗan ƙwarai, sautukan biyu suka riƙa gugar juna. Lokacin da take tsaye a cikinsu, wannan ne wurin da take cewa kuskure ne. Daga nan baya kuwa sai ta ji shi a haƙoranta, kamar ta kurɓi ruwan ƙanƙara. Sanyi ne. Yarinyar nan ta kama sanyi ta sa shi a bakin mutane.

Maza suka shigo da kalmomi gajeru suna tsalle-tsalle, suna gunaguni, Osvald a ƙasansu kamar tsohon da aka hana taba. Ragna ta gane kifin ne, ta toshe baki kada dariya ta kuɓuce mata. Sai duk suka yi tsit, aka bar matan nan da sautinsu ɗaya. Kwatsam dukan mawaƙan suka buga kalma guda da ƙarfi, har tagogi suka amsa. Sautin da ya daɗe a daskare ya motsa, ya fara gangarowa, ya rabu biyu, ya rabu uku, kamar ruwa ya sami hanya. 'Yan layin sama suka shigo ɗaya bayan ɗaya, kowace da lokacinta, wannan na kiran waccan. A kan su duka muryar Malin ta tashi ta tsaya.

Ragna ta ji tsigar jikinta ta tashi. Ta nemi kishin da ta zo da shi a ƙirji ta rasa inda ya shiga. Abin da ya ba ta mamaki ma ba Malin ba ce. Matan nan ne na dama, da ta yi shekaru tana tsaye taku biyar daga gare su, tana jiran su gama ta shigo.

Tuva ta tsayar da su. Ta yaba wa maza, ta yaba wa Malin, sannan ta juya dama.

"Iyayena, dogon sautin nan yana zamewa ƙasa kafin a kai tsakiya. Kuma ina jin inda kuke numfashi."

"To mu mutu?" in ji Gudrun. "Mu shida ne, ɗaya kuma asma gare ta. Ba mu da huhun doki." Ta kai hannu goshi ta leƙa ƙarshen coci. "Wa nake gani can kamar Sarauniya? Ranki ya daɗe, kallo kika zo, ko za ki sauko ki taimaki talakawa?"

Duk suka juyo. Ragna ta tashi, ta cire rigar sanyi ta ninke ta a hankali, ta taka har gaba. Ƙafarta ta so ta yi hagu, ta maido ta.

"Matsa," ta ce wa Gudrun. "Kin cinye wurin mutum biyu."

Ta ɗauka abu ne mai sauƙi. Sauti ɗaya ne fa. Aka fara, ta riƙe shi da kyau, har lokacin da Gudrun da wasu biyu suka gusa sama. Kafin ta ankara muryarta ta bi su kamar akuya ta ga dusa. Aka sake, ta sake bin su. A karo na gaba ta ƙanƙame nata da ƙarfi har ta danne kowa, Tuva ta ce, "Iya Ragna, ƙanƙara ce, ba kakaki ba." Ita da aka saba ce wa madalla tun kafin ta rufe baki, ranar sai da aka gyara mata har ta daina ƙirgawa.

Gudrun ce ta ɗauki nauyinta. Kusan kullum da hantsi sai ta zo su taka bakin tafki, ita tana riƙe da sautinta, Ragna tana riƙe da nata, masu yawo da karnuka suna kauce musu.

"Daina saurarena da kunnen biyayya," Gudrun take cewa. "Ki ji ni, amma kada ki bi ni. Kamar zaman aure."

Ta koya mata kuma sirrin numfashi. Ba a ja tare. Kowace tana zamewa ta fita a ɓoye, ta cika ƙirji, ta dawo a hankali ba a ji shigarta ba, sauran suna rufe mata. Mai sauraro sai ya ɗauka sautin bai taɓa yankewa ba. "Idan na taɓa ki da gwiwar hannu, ki tafi. Idan kin dawo, ki taɓa ni. Kika manta da ni na shiɗe, fatalwata za ta kwana gidanki."

Ragna ta koma tana zama da takardun a teburin kicin, tana bin layukan da ba nata ba, tana ganin yadda aka saƙa su. Nan maza sun miƙa wa mata kalma, can an ɓoye kukan gauraki tun shafi na biyu a bakin mutum ɗaya, ba mai lura sai wanda ya nema. Takan girgiza kai ita kaɗai ta ce, "Kai, 'yar nan!"

Ranar bikin ta faɗo wata Lahadi da la'asar, bayan tafkin ya narke, bishiyoyi sun fara toho. Coci ya cika har mutane na tsaye jikin bango. Tuva ta zo da mijinta da jaririya 'yar makonni a ƙirji, suka zauna kusa da ƙofa saboda ko za ta yi kuka.

Ana saura kaɗan a fara aka nemi Malin aka rasa. Ragna ta same ta a ɗakin ajiye riguna, zaune a ƙasa, fuska fari fat.

"Iya Ragna, ba zan iya ba. Wurinki ne. Kowa ya san wurinki ne."

Ragna ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta kama mata wuyan hannu kamar mai duba jini.

"Saurara. Ranar da na karɓi haihuwarki, ihun da kika yi sai da mai shara ya yar da tsintsiya a ƙasan bene. Numfashi dai kina da shi, ni shaida ce. Kada ki kalli jama'a. Kada ki yi tunanin saman tun kina ƙasa. Ki sa kunne wajenmu, muna nan ƙarƙashinki, ba inda za mu. Tashi, kina ɓata riga."

Suka fita. Bertil ya ɗaga hannu, raɗar maza ta fara, tarin da ake yi a benci ya ɗauke. Ragna ta buɗe baki ta shiga sautin tare da 'yan'uwanta, ba ta ma iya bambance muryarta da tasu. Gudrun ta gusa sama, ita ta tsaya a nata, ta ji gugar nan tana kaɗawa tsakanin kafaɗunsu. Gwiwar hannu ta taɓa ta, ta fita, ta dawo, ta taɓa. Wajen kifin wani tsohon malamin makaranta da ya san Latin ya ƙyalƙyale da dariya shi kaɗai a tsakiyar coci, matarsa ta zungure shi. Da aka buga kalmar nan mai ƙarfi, wata mata a gaba ta dafe ƙirji. Sannan Malin ta tashi, ta hau, ta kai, ta zauna a kai kamar nan aka haife ta. Ragna tana ƙasa tana riƙe da nata, hawaye na bin kumatunta, ba halin sharewa don hannu ɗaya na takarda, ɗayan na Gudrun.

Da aka gama, Bertil bai sauke hannu da wuri ba, jama'a ma ba su motsa ba. Sai da jaririyar Tuva ta yi atishawa sannan tafi ya ɓarke.

A farfajiya aka jera tebura da gahawa da waina mai kirim. Mutane suka yanyame Tuva da Malin. Ragna tana gefe tana neman inda za ta zauna sai ga Bertil da kofi biyu, ya miƙa mata ɗaya.

"Ragna, ranar nan... ban iya faɗa ba yadda ya kamata."

"Ba ka iya ba kam. Amma kunnenka bai yi ƙarya ba." Ta kurɓa. "Ka ce wa Tuva ta nemo mana wani sufin. Ba zai yiwu a ce shi kaɗai ne mai baki a cikinsu ba."

Bertil ya buɗe baki zai amsa, Gudrun ta kutso tsakaninsu da faranti a hannu.

"Ke, a shafi na huɗu kin ja numfashi ba lokacinki ba."

"Ni? Ke ce kika taɓa ni."

"Ban taɓa ki ba, ƙaiƙayi nake ji."

"To wa ya ce ki yi ƙaiƙayi a tsakiyar waƙa?"

Bertil ya ja da baya a hankali ya bar su. Suka sami benci a rana suka zauna, suna ci suna musu, har aka fara kwashe tebura.